Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Na Kai Famfo Mataki na 3

A makon jiya na tsaya a inda maigidana ya fara turani aiki ni kaɗai. Kiran farko na wata dattijuwa ne. Gidanta ta ƙarƙashin daɓe ake ɗumama shi: bututu shimfiɗe cikin siminti, famfo na zagaya da ruwan ɗumi. Ta ce banɗaki ya yi zafi har ya wuce kima, ɗakin kwana kuwa sanyi ƙarara.

Na buɗe akwatin bango, na tarar ƙarfin gudun famfon yana mataki na 2. Ban yi wata-wata ba na murɗa shi zuwa 3, na ce, "Mama, an gama."

Washegari ta kira. Ba ta runtsa ba saboda shuuu ɗin ruwa a bututu, sanyin ɗakin kuma da kyar ya ragu. Raina ya ɓaci ƙwarai, don tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ni kuma na ƙara mata wahala.

Muka koma tare da maigida. Bai taɓa famfon ba tukuna. Ya auna ruwan da ke shiga, digiri 40, mai dawowa 38.

"Ka gani, yaro? Gudu kawai ruwan yake, bai sauke zafinsa ba. Tazarar digiri 5 zuwa 7 muke nema."

Ya haska fitila kan ƴan gilasan awo da ke jere a mararrabar bututun. Na banɗaki, mai gajeren zagaye, yana shan lita 4 a minti. Na ɗakin kwana, mai kusan mita 100, bai kai lita 1 ba. Ashe ruwa hanya mai sauƙi yake bi, gajeren bututu ne ke cinye rabon dogon. Ya koya mini lissafin a bayan kwali: zafi kilowat 1 (ma'aunin ƙarfin ɗumamawa) a tazarar digiri 5 yana son kusan lita 3 a minti.

Ya matse na banɗaki a hankali, ina kallon alamar ɗakin kwana tana motsi har ta kai 2. Sannan ya mayar da famfon mataki na 2, ƙarar ta ɗauke.

Na durƙusa na shafa daɓen, sanyi. Ya ce in tashi, siminti sai ya yi awoyi kafin ya ɗauki zafi. Da safe Mama ta buɗe mana ƙofa ba safa a ƙafarta.

Mako mai zuwa zan kawo labarin gidan da iska ta maƙale a bututunsa.