Hatimin Landan ba ya hana lofe tara ruwa

Duk wanda ya fara sha'awar lofen Ingila, sunaye kaɗan ne za su cika masa kunne: Dunhill, Charatan, Barling, Comoy's, Sasieni. Kuɗinsu kuwa sai mai hali. Shi ya sa irinmu muke karkata ga ƙananan sunaye, waɗanda ake tsinta a teburan 'yan gwangwan, da fatan a samu aikin manya a kuɗin yara.

Nawa a wata kasuwar tsofaffin kaya ta ƙarshen mako na same shi a Birmingham. Miƙaƙƙe ne, baƙi-baƙi mai ratsin ja, ba nauyi, ya zauna a hannu daram. A jikinsa an buga "Made in London England" da wani suna da ba kasafai ake jin sa ba. Dattijon mai teburin ya ce daga masana'antar da ke yi wa manya aiki ya fito. Na ciro 'yar wayar nan mai gashin auduga da ake goge lofe da ita zan zura, sai ya ɗaga hannu, wai ya riga ya wanke shi tas, kada a ɓata masa kaya. Na mayar da ita aljihu, na biya fam 55. Har yau idan na tuna ɗaga hannun nan sai raina ya sosu.

Abin haushin, mai yiwuwa ba ƙarya ya yi ba. Haka sana'ar take a can. Ana sassaƙa lofe da kututturen saiwar wani itace da ake kira biraya, wanda ke fitowa a ƙasashen gaɓar Bahar Rum kamar Aljeriya, Italiya da Girka. Abu ne da ya girma cikin ƙasa, don haka sai an feƙe shi ake ganin ramin yashi ko tsaga. Kan lofen da ya fito sumul, shi ake buga wa babban suna. Mai tabo ba a zubar da shi, sai a cike ramin da ƙullun liƙi, a shafa rini mai duhu, a ba shi wani suna daban. Dunhill ta kafa Parker a 1922 don irin waɗannan, daga baya a 1967 aka haɗe ta da Hardcastle. Comoy's ma tana da nata, irin su Everyman da Guildhall. Ga kuma shagunan taba da ke sayen lofe a sari su buga sunan shagonsu. To ka ga "daga babbar masana'anta" ba yabo ne kawai ba. Abin tambaya shi ne, me ya hana shi samun babban sunan?

Liƙi bai dame ni ba. Bayan ɗan lokaci itacen ya ƙara duhu saboda zafi da maiƙon hannu, shi kuwa liƙin ya tsaya da launinsa na hoda-hoda, ɗigo biyu a gefen hagu. Muni ne kawai, hayaƙi bai san da su ba. Haka bakin lofen da ya yi kore-kore yana ɗaci: baƙar robar nan ce mai tauri da Turawan Ingila suka fi amfani da ita, rana da yawu ke sauya mata launi, guga kaɗan ta dawo baƙa wuluk. Mutane na gudun lofe saboda wannan, alhali shi ne ma dalilin neman ragi.

Matsalar tana inda aka hana ni dubawa. Hudar iskar ba ta sauka a gindin tukunyar da ake cusa taba ba, ta ɓullo ɗan sama, kuma ta karkace gefe. Tabar da ke ƙasan hudar ba ta cin wuta, sai ta jiƙe ta zama caɓi. Kafin ka kai rabi ka fara jin ƙwal-ƙwal, sai ruwa mai ɗaci a harshe. Ka zura wayar ka tsane shi, sai ta cije a mahaɗar bakin lofen da wuyansa, ta ƙi wucewa. Lofe kuma ba a kwance shi da zafi, mahaɗar na iya tsagewa. Sai dai ka ajiye ka zuba masa ido. Gwajin da bai kai minti ɗaya ba ya isa ya tona duk wannan, shi ne aka ɗaga mini hannu a kai.

Ba ina cewa a guji ƙananan sunaye ba ne, don iri biyu ne. Akwai na rarar masana'anta, akwai kuma na gwanayen da suka bar manyan gidaje suka buɗe nasu. William Ashton-Taylor ya yi shekaru a Dunhill kafin ya kafa Ashton a 1983. Shi kansa Joel Sasieni a Dunhill ya yi aiki kafin ya ɓalle. Babban suna ma ba lamuni ba ne: masu tarawa suna bambanta farashin Barling na zamanin da iyalin ke riƙe da kamfanin da na bayan sun sayar a farkon shekarun 1960.

Zoben azurfar da ake gani a wuyan wasu lofe ma kada ya ruɗe ka. Tambarin zaki na nufin azurfar ta gaske ce, kan damisa Landan, anga kuma Birmingham, harafin gefe shi ne shekara. Duk labarin zoben ne wannan, ba na itacen ba. Wani zoben ma don ɗaure tsagaggen wuya aka sa shi, sai ka haska fitilar waya ka leƙa.

Saye ta intanet kuwa cinikin biri a sama ne, sai idan mai kaya ya yarda ya turo hoton cikin tukunyar da wayar goge lofe zure har ƙasa. Wasu na turowa ba musu.

Na kai nawa wurin mai gyara, ya juya shi sau biyu ya ce sake huda zai ci kusan abin da na biya, kuma bai yi alkawarin zai daina tara ruwa ba. Na ce a bar shi. Yanzu duk teburin da na tsaya, wayar gogen nake fara cirowa kafin na tambayi kuɗi, wanda ya ɗaga hannu kuma in yi gaba.