Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Mushtari a Saman Benenmu

Makon jiya na tsaya a inda madubin hangen nesan ya iso Katsina, bayan na sayar da babur ɗina na cika kuɗinsa. Hajiyarmu har gobe ba ta yafe wa wannan bututun ba, "turmin ƙarfe" take ce masa.

Faɗin madubinsa milimita 150 ne, nisan da yake tattara haske kuma milimita 1200. Wannan lamba ta biyu ban damu da ita ba sai daren 7 ga Disamba, 2024, lokacin da Mushtari, wato duniyar Jupiter, ya zo kishiyar rana, ya fito da magariba ya kwana a sama har asuba. Ni da Auta muka kinkimi kayan zuwa saman bene a nan Ƙofar Ƙaura, sanyin hunturu na yankan kunne. Na zare gilashin ido, na sa 'yar kyamara a gurbinsa, na jona ta da laftof. Sai ga wani ɗan farin abu kamar ƙwayar wake a tsakiyar baƙin allo.

Auta ya leƙo ya ce, "Yaya, a kan wannan ka rabu da babur?"

Ban tanka masa ba. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, zancen madubi na ƙara girman abu "ninki ɗari" ko "ninki ɗari biyu" na ido ne, kyamara ba ruwanta da shi. Ita nisan tattara haske kawai ta sani. A milimita 1200, cikakken wata yana sauka a farantinta mai ɗaukar hoto da faɗin kusan milimita 11, Mushtari kuwa da ƙyar ya haura rubu'in milimita ɗaya. Kowane ɗigon hoto na kyamarata maikiron 3.75 ne (maikiron dubu ne milimita ɗaya), don haka duniyar da ta ninka tamu sau 11 a faɗi ta zo mini a ɗigo 75.

Nan na tuna da gilashin Barlow da ya zo cikin kwalin, wanda ya ci sunan Peter Barlow, masanin lissafi ɗan Ingila. Gilashi ne mai lotsawa ciki, yana tarar hasken kafin ya haɗu wuri ɗaya ya ɗan buɗa shi, sai 1200 ta koma 2400. Ina sa shi, Mushtari ya zama ɗigo 150, ga ɗamara biyu masu ruwan ƙasa sun ratsa cikinsa. Auta ya yi kabbara da ƙarfi har karen maƙwabta ya ɗauka.

Da na tsaya a nan da na huta. Amma kun san ɗan Adam. Na lura idan na ja kyamarar baya kaɗan daga Barlow ɗin, hoton ƙara girma yake yi, sai na ɗauko wani gajeren bututu na sa a tsakaninsu. Ninki ya kai wajen uku, ɗigo 225. Haske ya mutu murus. Hasken da madubin ke tarawa bai ƙaru ba, shimfiɗa shi na yi ta tsawo da faɗi, ninki biyu ya raba shi huɗu, ninki uku ya raba shi tara. Kamar kokon mutum ɗaya ne aka yi ta tsinka shi da ruwa don ya isa gida.

Ga shi turmin nawa ba shi da injin bin taurari. Da farko Mushtari kan yi kusan minti ɗaya kafin ya fice daga allo, yanzu daƙiƙa 20 ya tsere. Kuma da tsakar dare ya zo kusan tsakar kanmu, inda irin wannan madubin ya fi wuyar juyawa. Auta na turawa ina ihu, "Hagu! A'a, ɗaya hagun!" domin hoton a juye yake. Simintin benen kuma yana ta amayar da zafin rana, Mushtari na rawa kamar ana kallonsa ta saman murhu.

Washegari na zuba bidiyoyin a AutoStakkert, wadda ke tankaɗe dubban hotuna ta haɗa masu kyau, na ƙarasa da RegiStax mai ƙara wa hoto kaifi. Na ninki biyun ya fito tsaf. Na ninki ukun ƙato ne, amma kamar an shafa masa man shanu, ko zare ɗaya bai ƙara mini ba. Faɗin madubi ne ke yanke iyakar abin da za a gani. Daga baya na ji lissafin masu wannan harka: ka ninka girman ɗigon kyamararka sau biyar, ka kwatanta da nisan tattara haske in an raba shi da faɗin madubi. Nawa ya ba da kusan 19. Madubina kuwa 1200 a raba da 150 ya ba da 8, ninki biyu 16 ne, ninki uku 24, na zarce.

Na kai wa Hajiya mai kyan a waya. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "To, Allah mai iko. Yanzu shi wannan ɗin zai kai ka kasuwa?"

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin Zuhal, wato duniyar Saturn, da yadda na tarar zobensa ya sirance kamar allura har na zargi madubin.