Gangaren Raida daga sama ake kama shi

Dutsen da muka saba da shi a gida daga gindi ake fara hawansa. Mutum ya hau da ƙarfinsa, ya sha iska a sama, ya gangaro yana hira. A Raida, wani gandun daji a tsaunukan Asir da ke kudu maso yammacin Saudiyya, abin a juye yake. Mota ce za ta kai ka har ƙololuwa, kusa da Jabal Suda da ya doshi mita 3,000, sannan ka fito ka tarar ƙasa ta yanke a gabanka, daji ya zube zuwa ɓangaren Tihama, shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke gaɓar Bahar Maliya. Gangara ce farkon tafiyar. Hawan yana can yana jiranka a ƙarshe, lokacin da ruwan gora ya yi rabi, gwiwa ta fara rawa.

Daga Jidda muka taso, ni da ɗan kawuna haifaffen Makka, sai Kawu da kansa, wanda ya ce ba za a bar shi cikin zafin bazara ba alhali wasu na can suna saka rigar sanyi. Mun kwana a Abha, babban birnin yankin Asir, tukuna, kuma wannan kwanan ya yi mana rana. Abha kanta ta haura mita 2,200, mu kuwa daga bakin teku muka fito. A can saman Suda, iskar da mutum ke shaƙa kusan kashi 70 cikin 100 ce ta wadda ya saba da ita a Jidda. Kana zaune ba za ka lura ba. Taka matakala kaɗan ka ji yadda haki zai kama ka.

Gandun dajin Raida ƙarami ne, wajen murabba'in kilomita 9, kuma tun 1989 aka keɓe shi. Hukumar kula da namun daji ta Saudiyya ce ke riƙe da shi, akwai ƙofa da masu gadi, don haka a nemi izini kafin a taso. Sare itace da hura wuta haramun ne a ciki. Mu dai a fulas muka zubo shayinmu.

Itacen da ya cika wurin shi ne wanda Larabawa ke kira ar'ar. Ganyensa ƙanana ne a manne da reshe, idan ka murza shi a hannu ƙamshi ya tsaya maka a yatsu. Abin da ya tsayar da ni shi ne wata irin gansakuka mai ruwan toka da ke reto daga rassan, kamar gemun dattijo da bai ga almakashi ba. Na taɓa ta da safe na ji ta a bushe, tana karyewa. Da muka biyo ta wurin bayan hazo ya shigo, ta yi laushi, ruwa na ɗiga daga bakinta. A nan na gane da me dajin ke rayuwa. Iska mai laima tana tasowa daga Bahar Maliya, ta ratsa Tihama, ta ci karo da bangon dutse. Tana hawa tana sanyi, sai ta koma hazo. Ganyen ar'ar da gansakukar su tace ruwan, ya ɗiga a gindin bishiya. Ƙasar gindin a jiƙe take, taku biyu gefe kuma ƙura ce. Da muka ƙara gangarawa inda hazo bai cika zama ba, sai ga ar'ar da yawa a tsaye sun bushe ƙayau, zaitun daji da ƙayoyi sun fara karɓar wurin.

Ɗan kawuna tsuntsu ya kawo shi. Akwai wani dangin hankaka mai doguwar jela, baƙi da fari, da ba a samunsa ko'ina a duniya sai a tsaunukan Asir, kuma ya yi ƙaranci ƙwarai. Kukansa muka ji daga cikin rassa, ganinsa kuwa wulgawa ɗaya ce. Makwarwa dai mun tashe su ba adadi. Gwaggon biri kuma ba sai an neme su ba. Na bakin titin Suda sun lalace da abincin da masu yawon buɗe ido ke jefa musu daga mota, har leda suke fizga a hannun mutum. Ban ga tausayi a cikin wannan ciyarwar ba, ɓata dabba ce kawai. Dabino ya zauna a cikin jaka, a rufe.

Hantsi ya yi, jiki ya saki, gangara na jan ƙafa, sai Kawu ya duba agogo ya dogara sandarsa.

"A nan za mu juya."

"Kawu, ai ko gumi ba mu yi ba," in ji ni.

"Ɗana, ƙafarka ba ta san lissafi ba. Awa ɗaya da ka gangaro, biyu za ka biya."

Haka kuwa aka yi, har da ɗoriya. A irin wannan hanya agogo ne ke cewa a juya, don gajiya ba ta bayyana sai an fuskanci sama. Daga ƙofa zuwa ƙauyen da ke can cikin kwari saukar ta kai wajen mita 1,000, wanda ya biye wa daɗin gangara har ƙasa kuma bai tanadi mota mai ƙarfi da za ta ɗauko shi ba, ya haɗu da aiki. Hawan ya koya mini gajeren taku. Ka daidaita numfashi da ƙafa, ka huta a tsaye, ka kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishi. Kawu da ya fi mu shekaru bai tsaya ko rabin yadda muka tsaya ba, don shi tun farko bai yi gaggawa ba.

Wajen azahar hazon ya hauro daga bayanmu. Cikin ɗan lokaci bishiyar da ke gaba ta ɓace, rigar da gumi ya jiƙa ta zama ƙanƙara a jiki. Kowace mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da wajen digiri 6, ga laima ga iska. Rigar sanyi mara nauyi a jaka ta fi komai amfani a wannan sa'ar, sai takalmi mai kama ƙasa, don tsakuwa kan zame idan ta jiƙa. Silifas ɗin da muke yawo da shi a Jidda a bar shi a masauki. Ba mu yarda mun rabu ba, kuma ba mu bar hanya don yanke ba. Alwalar da muka yi a sama da sauran ruwan gora, har yanzu ɗan kawuna yana ba da labarin sanyinta.

Wanda zai je ya fita da sassafe, ya kuma duba yanayi, don yankin na samun ruwan sama mai ƙarfi kuma kwazazzabai kan cika nan da nan. A 2023 an ƙaddamar da babban aikin gina wuraren shaƙatawa a Suda da Rijal Alma, saboda haka hanyar da aka bi bara tana iya kasancewa a rufe bana. A tambayi mutanen Abha kafin a ɗauki hayar mota.