Godiya ga duk waɗanda suka tsaya mana a rasuwar Ummarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin ƙannena da sauran dangi, ina miƙa godiya ga duk wanda ya halarci jana'izar mahaifiyarmu, da wanda ya tako har gida ta'aziyya, da wanda ya bugo waya ko ya aiko saƙo. Wasu saƙonnin ba mu kai ga amsawa ba tukuna, a yi mana uzuri. Maƙwabta da suka buɗe zaurukansu suka shimfiɗa wa baƙinmu tabarmi, da iyayenmu mata da suka yi mata wanka da sutura, Allah Ya ba ku ladan zumunci.

Abokan aikinta ma'aikatan jinya, ku kuka riƙe ta a ciwon ajalinta. Da yawanku a hannunta kuka koyi sa ruwa da juya majinyaci don kada gadon bayansa ya yi gyambo, sai ga shi kuna yi mata da hannunku, kuna ce mata Sista kamar tana bakin aiki. Mu a gida mun taso muna ganinta ta dawo daga aikin dare da farin kayanta, warin maganin asibiti bai bar jikinta ba, amma ba za ta kwanta ba sai ta dama mana koko ta ga fitarmu makaranta.

Godiyar da ta fi tsaya mini a rai ta 'yan'uwanmu masu buƙata ta musamman ce. Ranar jana'iza kekunan guragu suka cika layinmu. Makafi suka zo da 'yan jagoransu, kurame suka yi mana gaisuwa da hannu, ko ba fassara mun gane. Waɗanda ba su da halin kama makara suka bi ta har maƙabarta suna murza keke da hannu a cikin rana. Wallahi ban san yawan mutanen Umma ba sai ranar.

Abin ya samo asali ne tun 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano har zuwa tsakiyar 2004. Ta ga yaran da aka riƙa kawowa ƙafa ta riga ta shanye, abin bai taɓa barin ranta ba. Gida-gida ta riƙa shiga tana lallashin iyaye, wani gidan a ba ta tabarma, wani a ce maigida ya hana. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar a watan Agustan 2020 cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka, ta yi hamdala, sannan ta tuna mana cewa waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan da ransu, suna buƙatar takalmin ƙarfe da sanda da kuɗin makaranta. Yara nawa ta raka Asibitin Ƙashi na Dala da kuɗin motarta! Yaron da ba ya ji kuwa, sai ta zaunar da ubansa har ya yarda a kai shi makarantar masu buƙata ta musamman da ke Tudun Maliki maimakon a tura shi bara.

Ta yi murna da dokar hana nuna wa nakasassu wariya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, wadda ta ba gine-ginen gwamnati wa'adin shekara 5 su gyara hanyar shiga, ta kuma ware wa nakasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Wa'adin ya cika, matattakalu suna nan a wurare da yawa, kuma wannan ya dame ta ƙwarai. Ita dai tuni ta sa magini ya fasa dakalin ƙofar gidanmu ya yi gangare, don kada baƙinta su sauko daga keke su ja jiki.

Mun tarar da littafin da take rubuta yaran da take biya wa makaranta. Iyayensu su kwantar da hankali, mun zauna da ƙannena mun raba nauyin, in sha Allahu ba wanda zai koma gida. Duk mai bin ta bashi, ko wanda ya ba ta ajiya, don Allah ya same mu a gida. Wanda ta saɓa wa ya yafe mata.

Allah Ya jiƙan Umma, Ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarta. Amin.

Babban ɗanta, a madadin iyali.