Hannun da na sa a takardar Auta

Ƙarshen zangon nan na ajiye aiki a makarantar kuɗin da na shekara tara ina riƙe da ajin naziri, nan cikin garin Katsina. Abokan aiki sun ce in rubuta abin da na koya. Duk sanda na zauna rubutun, yaro ɗaya ke faɗo mini a rai. Zan kira shi Auta, don shi ne autan gidansu.

Bai cika shekara uku ba aka kawo mana shi. Allah ya ba shi kai, abin da ya ji sau biyu ya zauna ke nan. Yana ɗan shekara huɗu yake rera baƙaƙen boko tun daga farko har ƙarshe, ya ƙirga ɗaya zuwa ɗari da Turanci. Ranar bikin yaye ɗalibai shi aka ɗora kan tebur, iyaye na ta tafi. Kwana biyu sai ga mahaifinsa a ofis, wai a tsallakar da shi zuwa firamare aji ɗaya.

Na ce wa mai makarantar, "Hajiya, yaron nan hadda gare shi, amma hannunsa bai yi ƙwari ba, kuma har yanzu barci ke kwashe shi bayan tara."

Ta ce, "Malama, in ba mu yi ba makarantar bayan layi za ta yi. 'Ya'yan Alhaji huɗu ne a nan. Sa hannu kawai."

Na sa. Kuma da sanina na sa, don tun a kwalejin ilimi aka karantar da mu cewa shekara shida manufar ilimi ta ƙasa ta tanada don shiga firamare, daga baya bugun 2013 ya ƙara shekara guda ta share fage ga 'yan shekara biyar. Tsoron rasa albashi ne ya ɗaure mini baki.

A aji ɗaya benci ya fi ƙarfinsa, ƙafafunsa reto suke yi ba sa taɓa ƙasa. Fensir a dunƙule yake riƙe shi cikin tafin hannu kamar muciya. Sauran yara su gama kwafar abin da ke allo, shi yana layi na biyu, malamin ajin ya hana shi fita tara sai ya gama. Ya fara sakin fitsari a wando saboda tsoron ɗaga hannu, yara suka sa masa waƙa. Zango na biyu kullum da safe cikinsa ke ciwo, ɗan Napep ɗin da ke kawo su sai ya rungumo shi yana kuka ya shigo da shi.

Wata Talata na dawo aji na tarar da shi bayan ƙofa, zaune kan tabarma cikin ƙananan yara, yana jera marafan kwalbar da muke ƙirge da su. Ya ɗago ya ce, "Anti, ni nan nake so." Ni ce na kama hannunsa na mayar da shi.

Da sakamako ya fito yana can ƙasa, an rubuta masa "ba ya mai da hankali". A taron malamai Hajiya ta ce sashen naziri ne bai aza masa tubali ba. A gaban kowa ta faɗa, ba ta ko dube ni ba. Har yau ban ji ta janye maganar ba.

Daga baya na karanta wani bincike da masana na Jami'ar Harvard suka fitar a 2018. A jihohin Amurka da ke yanke shekarun shiga ajin share fage a ranar 1 ga Satumba, yaran da aka haifa a Agusta, wato ƙananan aji, sun fi na Satumba da kusan kashi 30 cikin 100 yawan waɗanda likita ya ce suna da larurar rashin natsuwa. Tazarar wata goma sha ɗaya ke nan. Auta shekara biyu aka ba shi. A can iyaye masu hali kan riƙe yaro shekara guda da gangan, a Finland kuwa sai shekara bakwai ake fara aji ɗaya. Mu ma ai mun san haka tun da: iyayenmu sai yaro ya zagayo da hannu ta bisa kai ya taɓa kunne ake rubuta sunansa, a makarantar allo ma da ka yake ɗaukar Fatiha da gajerun surori kafin a fara masa babbaƙu. Salla kanta shekara bakwai aka ce a umurce su. Gaggawar kuma ina ta kai? Yaron da ya shiga da huɗu, aka tsallake masa aji shida kamar yadda aka saba, da 15 zai gama sakandare, JAMB kuwa 16 take nema.

Ba na cewa a zaunar da kowane yaro a gida. Wanda ba ya ji sosai ko maganarsa ta yi jinkiri, asibiti yake buƙata, jira ƙara masa wahala zai yi. Wanda ya kai shida kuma a kai shi, ko da bai san baƙi ɗaya ba.

Sauran abin da na koya kaɗan ne. Kafin in tambayi yaro baƙaƙe, ina duba ko zai iya zuwa bayi shi kaɗai, ya jira layi, ya rabu da uwarsa ba kuka. Uwa ta fi uba sanin gaskiyar ɗanta, ita nake fara nema. Abin da ban yarda da shi ba, a rubuce nake ba ofis.

Bana aka sake kawo mini irin takardar, ta wata yarinya 'yar shekara huɗu da wata biyu. Na ƙi. Aka ba wata malama ta sa hannu, ni kuma na miƙa takardar barin aiki.

Ana gobe Sallah na haɗu da mahaifiyar Auta a babbar kasuwa, yana biye da ita riƙe da leda. Ya girma, ya gaishe ni kansa a sunkuye. Na tambaye ta karatu. Ta ce, "Alhamdu lillahi, Malama, yana ƙoƙari. Sai dai har yanzu ranar Lahadi da yamma ba ya iya cin abinci."