Zuwana Mikene, tsohon garin ƙasar Girka da aka ce ƙattai ne suka gina

Daga tashar Kifissos a Atens na hau bas, muka tsallaka mashigin ruwan Korint ɗin nan da aka buɗe a 1893, daga nan kuma sai gonakin lemu da zaitun har ƙauyen Fichti kusa da Mikene inda aka sauke mu, ragowar hanyar tasi na ɗauka don ranar ba ta wasa ba ce.

Tun kafin ka kai ƙofa ganuwar za ta tsayar da kai. Duwatsu ne manya manya an ɗora su kan juna ba siminti, wani ya fi ni tsawo, shi ya sa su kansu Girkawan da suka zo daga baya ba su yarda ɗan Adam ya yi wannan aikin ba, suka ce ƙattan nan ne masu ido ɗaya a goshi, Saikulof. Ni dai da na tsaya ƙarƙashin Ƙofar Zakuna, wadda aka gina wajen shekara 1250 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aikin magina na gani. Dutsen da aka gitta a saman ƙofar ya kai tan 20, to don kar nauyin ganuwa ya karya shi sai suka bar gurbi mai kusurwa uku a kansa, nauyin ya sauka gefe da gefe, suka toshe gurbin da allon dutse mai zakuna biyu. Kawunan zakunan ma sun ɓace tuni.

Abin da ya fi burge ni shi ne ma'ajiyar ruwansu. Matakala ce ta nutse cikin ƙasa ta bi ta ƙarƙashin ganuwa, duhu baƙi ƙirin, da tocilar waya na lallaba ga santsi, ruwan kuwa daga wani marmaro a waje suka janyo shi a ɓoye saboda ko an yi musu ƙawanya su sami na sha.

Can ƙasa kaɗan akwai kabarin da ake kira Taskar Atreus, rufinsa kamar ƙwaryar da aka kife, tsawo ya haura mita 13, dutsen kan ƙofarsa tan 120 wai! Kana gyaran murya ta dawo maka.

Shi kuwa Bajamushen nan Heinrich Schliemann da ya yi tono a 1876, da ya ci karo da fuskar zinare a wani kabari daban sai aka maƙala mata sunan Agamemnon, sarkin Mikene da tatsuniyar Girkawa ta ce ya ja rundunarsu yaƙin birnin Taroi, alhali ta girmi zamanin da ake ba wa yaƙin da wajen shekara 300. Wadda ke ɗan gidan tarihin wurin kwafi ce, ta ainihin tana babban gidan tarihi na Atens, don haka washegari da sassafe can na nufa.