Tikitin Wacken da na riƙe shekara uku

A watan Agustan 2019 na sayi tikitin bikin Wacken, wanda ake gudanarwa tun 1990 a wani ƙauye na jihar Schleswig-Holstein da ke arewacin Jamus, ƙauyen da a lokacin mazaunansa ba su kai dubu biyu ba, amma yakan karɓi masoya kiɗan heavy metal kimanin 75,000 a cikin 'yan kwanaki. Aiki ne ya zaunar da ni a Hamburg, kuma abokan aikina ne suka koya mini sauraron wannan kiɗa mai rugugin jita da ganguna, wanda da farko na ɗauke shi hayaniya zalla. Tikitin na bikin 2020 ne, amma ban shiga filin da shi ba sai a watan Agustan 2022.

Annobar korona ta taɓa makaɗan tun kafin ta taɓa mu masu sauraro. Ƙungiyoyin Testament da Exodus da Death Angel sun yi rangadin Turai tare a watannin Fabrairu da Maris na 2020, da suka koma Amurka sai wasu daga cikinsu suka kwanta, har mai kaɗa gangunan Death Angel, Will Carroll, ya yi kwanaki a kan na'urar taimaka wa numfashi. Saboda haka da gwamnatin Jamus ta haramta manyan taruka a watan Afrilu zuwa ƙarshen Agusta, aka kuma soke Wacken, babu wanda ya yi gardama a cikinmu. Na amince a mayar mini da tikitin zuwa 2021, ina ganin jinkirin shekara guda ne kawai.

Gardamar da ta raba mu ta taso ne a kan sababbin kundayen waƙoƙi. Mu shida ne muke haɗuwa ta bidiyo kowace Juma'a da dare, kuma a farkon lamarin ina tare da masu cewa ya kamata makaɗa su riƙe kundinsu har a buɗe hanya. Hujjarmu ita ce, a wannan sana'a kundi shi ne sallamar rangadi: ana fitar da shi, a bi shi gari gari ana kaɗawa, kuma daga kuɗin ƙofa da cinikin riguna a bakin zaure makaɗa ke samun abin kai wa gida, tunda abin da manhajojin sauraro ke biya a kan kowace waƙa bai taka kara ya karya ba. Wanda ya saki kundi a lokacin kulle, a ganinmu, ya yi shuka ne a kan dutse, domin kafin a koma wasa waƙoƙin sun tsufa a kunnen jama'a. Ɗaya ɓangaren kuwa cewa suke yi mutanen da aka kulle a gida sun fi kowa buƙatar sabon abin saurare, kuma riƙe kundin da aka gama lissafin 'yan kasuwa ne.

Makaɗan su ma kansu bai haɗu ba. Trivium sun fitar da nasu a ranar 24 ga Afrilu kamar yadda suka tsara, Lamb of God suka ɗaga nasu daga Mayu zuwa 19 ga Yuni, Iron Maiden kuwa kundin da suka naɗa a Faris tun 2019 bai fito ba sai a Satumban 2021. Da na jera waɗannan sunaye sai na lura da abin da muka tsallake a cikin gardamarmu, wato duk misalan da muke jifan juna da su manyan ƙungiyoyi ne, waɗanda ko sun jira ko sun saki ba za su rasa kuɗin haya ba.

Abin da ya sauya mini ra'ayi ya faru ne a ranar 20 ga Maris 2020, ko da yake sai daga baya na gane muhimmancinsa. A ranar ce Bandcamp, dandalin sayar da waƙoƙi ta intanet, ta fara yafe kasonta na ciniki domin kuɗin ya tafi ga makaɗa da ƙananan kamfanoninsu, daga nan kuma aka riƙa maimaita hakan a Juma'ar farko ta wata. Na ware kuɗin da da zan kashe a shiga wasanni, na riƙa sayen kundaye da riguna na ƙananan ƙungiyoyi, irin waɗanda na saba gani a zauren da bai ɗaukar mutum ɗari uku. Wata ƙungiya ta haɗo mini da gajeriyar wasiƙar hannu a cikin ƙunshin, suna godiya tare da bayyana cewa da wannan ciniki suke biyan hayar ɗakin atisaye. Tun daga ranar na daina cewa a jira, domin na fahimci cewa jira gata ne na mai ajiya, ƙaramin makaɗi kuwa idan ya yi shiru shekara biyu ba lalle ya sami wanda zai tuna da shi ba. Na kuma koyi haƙuri da jinkirin faifan garmaho, wanda ya dawo da daraja a wajen masoya wannan kiɗa, domin wani da na biya a bazarar 2021 ya kusa wata takwas kafin ya iso, saboda cunkoson da masana'antun buga faifai suka shiga.

Wasannin da aka watsa kai tsaye ta intanet sun ba ni darasi na dabam. Code Orange sun kaɗa a zauren da babu kowa a ranar 14 ga Maris 2020, kwana guda bayan fitar kundinsu, suka watsa ta Twitch, dandalin watsa bidiyo kai tsaye, kuma Wacken ma ta yi nata bikin na intanet a ƙarshen Yulin shekarar. Na biya kuɗin kallon irin waɗannan da dama, amma gaskiya bayan na huɗu ko na biyar sai na tsinci kaina ina wanke kwanuka ana kaɗawa. Kiɗan da aka gina a kan ƙarar da ke dukan ƙirji da turereniyar jama'a a gaban dandamali ba ya shiga ta lasifikar kwamfuta. Na ci gaba da biya ne a matsayin gudummawa, na kuma daina yaudarar kaina cewa wasa na halarta.

Da aka sake soke Wacken a 2021, biyu daga cikinmu suka karɓi kuɗinsu, kuma ban ga laifinsu ba, tunda ɗayansu ya rasa aikinsa na dafa abinci. Ni na bar nawa, duk da cewa ina sane da cewa bashi ne na ba masu shirya biki ba tare da ruwa ba, wanda da zauren unguwarmu na ba shi da ya fi amfani. Wannan zaure, inda na fara ganin wasan heavy metal ido da ido, bai sake buɗewa ba.

A 2022 komai ya dawo a lokaci guda: Rammstein da Iron Maiden suka ci gaba da rangadin da suka ɗage sau biyu, bikin Hellfest na Faransa ya yi kwana bakwai da aka raba a ƙarshen mako guda biyu, ƙananan ƙungiyoyi kuma suka rasa ranakun da za su kama a zauruka. A Wacken, ranar farko, na bar babban dandamali na nufi wani ƙarami a gefen fili, sanye da rigar ƙungiyar nan da ta rubuto mini wasiƙa, wadda wanki ya riga ya kodar da ita.